Keziya Ba Ta Kai Babin Tsufa Ba

A shekararta ta ƙarshe a gidanmu, Keziya ta ɗauki wata 'yar ɗabi'a. Duk inda ta ga jariri goye a bayan uwarsa, a bakin famfo ne, a cikin bas ne, ko a ƙofar coci, sai ta zagaya ta ƙyasta yatsu kusa da kunnensa, ta tsaya tana kallo. In yaron ya waiwayo, sai ta yi wa uwar murmushi ta wuce. Iyaye mata sun ɗauka wasa ne irin na malamar yara. Ba ta taɓa gyara musu ba.

Ni tsoho ne. Na yi aikin jirgin ƙasa har na ajiye, yanzu ɗakin farko nake a wani gidan haya a Sabon Gari, kuma yawancin yinina a kan benci nake yinsa, ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida. Wanda ke zaune a irin wannan wuri yana ganin shigar kowa da fitarsa, ko bai so ba.

Keziya 'yar kudancin Kaduna ce. Mahaifinta mai wa'azi ne a wani ƙauye da ake noman citta. Ta zo Zariya koyon aikin malanta, ta gama, ta sami aji na ƙananan yara a makarantar wani coci ta wajen Dogarawa. A nan ta auri Mordecai, direban babbar mota, mutum mai kirki wanda hanya ta fi gida saninsa. Sun daɗe ba su sami haihuwa ba. Da yarinya ta zo, suka sa mata suna Ƙauna.

Tun kafin haihuwar, Keziya ta shiga karatun digiri na ƙarshen mako a jami'a, a Samaru. Ranar Asabar da sassafe za ka gan ta da jaka da gorar ruwa tana sauri ta kama bas, ta sauka a Kwangila ta canja wata. Ta ci kowane kwas, saura guda: wanda ake koyar da yadda ɗan Adam ke girma, jikinsa da hankalinsa da halinsa, tun daga ciki har tsufa. A zangon da ya kamata ta yi shi, lokacin zafi ne, Ƙauna ba ta cika shekara ba, zazzaɓi mai sanƙarar da wuya ya kama ta. Keziya ta bar aji ta koma zaman asibiti. Yarinya ta tashi, muka yi godiya ga Allah, aka dafa shinkafa aka raba wa gida. Kwas ɗin kuwa aka ce sai wani zango. Wani zangon ya zo da yajin aiki, wani ya zo da rashin lafiyar mahaifinta, haka shekaru suka yi ta turo juna.

Kafin zazzaɓin, nakan ji gwarancin Ƙauna daga bencina. Bayansa sai gidan ya ɗan yi shiru ta wannan ɓangaren. Ba wanda ya kula, don gidanmu ba ya rasa hayaniya.

Dole in faɗi wani abu game da gidan. A tsakar gida ɗaya akwai mai jin Ibo, akwai mai jin Yarbanci, akwai Hausa, akwai turancin kasuwa, ga kuma yaren Keziya da take yi a waya da 'yan'uwanta. Tun da daɗewa muna da wata fahimta tamu: yaran gidan nan ba sa magana da wuri, suna tsayawa ne su zaɓi yaren da za su fara da shi. Muna da shaida kuwa. Mama Ebele, mai injin markaɗe a bayan gida, ɗanta Chimdi ya kai shekara uku bai ce uffan ba, rana ɗaya ya buɗe baki ya zagi akuya da yare uku. Yanzu ga shi can yana sayar da kayan mota, ba a iya tsayar da bakinsa.

Saboda haka da Ƙauna ta yi shekara biyu ba magana, Mama Ebele ta ce, "Ki bar ta, Malama. Tana zaɓe ne. Wannan mai wayo ce, ba za ta ɗauki na banza ba."

"Ibo za ta ɗauka ke nan?" in ji Keziya tana dariya.

"To me? Ki ga laifi? In ta ɗauki naku wa zai saya mata kaya a kasuwa?"

Kuma yarinyar ba ta ba mu dalilin shakka ba. In Mama Ebele ta tada inji, Ƙauna na juyawa. In murfin tukunya ya faɗi a siminti, tana zabura. Ranar Lahadi, in 'yan zumuntar mata na coci suka fara buga tuluna da ganga, ita ce ta farko a fili, rawarta kuma ba ta kuskure kiɗa. Wa zai kalli wannan ya ce ba ta ji? Da ta kai uku, uwar Mordecai ta zo daga ƙauye ta duba bakinta ta ce linzami ne ya riƙe harshen. Aka kira wanzami ya tsaga ƙarƙashin harshe. Yarinya ta yi kuka, ta warke, ta ci gaba da shirunta. Da ta kai huɗu, Keziya da kanta take gaya wa masu tambaya, "Yaran gidanmu haka suke."

Ƙauna na neman shekara shida aka aiko wa Keziya daga Samaru cewa wa'adin karatunta ya zo ƙarshe. Ko ta ci kwas ɗin nan a wannan zango, ko duk abin da ta yi a baya ya tashi a banza. A makarantar da take koyarwa ma an riga an sanar cewa daga sabuwar shekara ba za a riƙe malamin da ba shi da digiri ba. Ta sake ɗaukar jakarta.

Tana da yadda take karatu. Ta ce ita abu ba ya zama a kanta sai ta koya wa wani. Da yake ni kaɗai ne a gidan ba ni da inda za ni, ni na zama ɗalibinta. Kullum bayan la'asar, in ta dawo daga aiki, sai ta jawo kujera 'yar tsugunno kusa da bencina, ta ɗora takardun lakca a cinya, ta karanta da Turanci a ranta, ta juya mini da Hausa.

"Baba, yau a ciki muke. Ka san jariri yana jin muryar uwarsa tun bai fito ba?"

"To ashe shi ya sa wasu ke fitowa da faɗa."

"Baba, ka natsu, jarrabawa gare ni."

"Na natsu, Malama. Yaushe za a zo kaina?"

Ta buɗe can ƙarshen takardun ta nuna mini. "Ga ka nan. Babin tsufa, shi ne na ƙarshe. In mun kai, zan gaya maka duk abin da ke damunka, har da dalilin da ya sa kake neman hularka tana kanka."

Mama Ebele takan zo wucewa da bokitin tattasai ta tsaya. "Wannan ne ake hawa mota har Samaru a koya? Yaro ya zauna, yaro ya yi rarrafe? Ni biyar na haifa, su zo su ba ni takardar."

"Mama, a jarrabawa ba a tambayar nawa kika haifa."

"Shi ya sa ƙasar ta lalace."

Haka muka bi jariri daga haihuwa, ya riƙe wuya, ya zauna, ya fara ƙin baƙi, ya miƙe yana dafa bango. Kwanakin nan sun yi mini daɗi. Ƙauna takan zauna a ƙasa kusa da mu tana jera murafen kwalba, ta ɗago ta dubi bakin uwarta, ta koma kan wasanta.

Sai muka zo babin magana.

Ta fara kamar kullum. Ta ce kowane jariri yana gwaranci, kowane iri ne iyayensa. Ta ce yaron da ya tashi cikin yare biyu ko uku yana iya cakuɗa su, amma ba ya yin shiru saboda yawansu. Ta ɗan dakata a nan, ta sake karanta layin a ranta. Sannan ta ci gaba, muryarta ta ragu. Ta ce jaririn da ba ya jin muryar kansa, gwarancinsa yakan ragu har ya bari. Ta ce shekarun farko su ne lokacin da kan yaro ke buɗe wa harshe, in suka wuce bai sami kowane irin harshe ba, na baki ko na hannu, abin da zai kama daga baya...

Ba ta ƙarasa ba. Ta zauna da yatsa a kan takarda. Injin Mama Ebele ya tashi a bayan gida, na ji bencina yana ɗan rawa a ƙarƙashina, Ƙauna ta juya wajen. Keziya ba yarinyar take kallo ba. Ƙafar benci take kallo.

"Baba, kai ma kana jin injin nan a jikinka?"

Na ce ina ji.

Ta tattara takardunta ta shiga.

Washegari da hantsi ba ta tafi aiki ba. Ta jira Ƙauna ta zauna a kan yashin da magina suka bari a ƙofar gida, ta ba gida baya. Keziya ta fito da murafen tukunya biyu. Ba ta yar da su a ƙasa ba kamar yadda suka saba faɗuwa. Ta tsaya a bayan yarinyar, ta gefen da inuwarta ba za ta faɗa gaba ba, ta ɗaga su sama ta gwara. Kajin maƙwabta suka watse. Wani mai keke da ke wucewa ya waiwayo. Ta sake gwarawa. Ta kira sunan, ta kira da ƙarfin da ban taɓa jin ta yi ba. Ƙauna na zuba yashi a gwangwani.

Mama Ebele ta fito da hannu duk jan tattasai. "Malama, lafiya? Ki bar yarinyar nan, na gaya miki tana..."

"Mama, ba ta da abin zaɓe," in ji Keziya a hankali. "Ba ta taɓa jin ko ɗaya ba."

Mama Ebele ta koma wajen injinta. Da yamma ta aiko da miya a kwano. Tun daga ranar ban sake jin kowa a gidan ya yi maganar zaɓen yare ba.

A asibiti suka gwada suka ce kunnuwan biyu ne, kuma mai yiwuwa tun zazzaɓin nan ne. Keziya ta ce mini likitan bai yi mata faɗa ba. Tambaya ɗaya ya yi, wai me take yi. Ta ce malamar yara ce. Ya sunkuyar da kai ya ci gaba da rubutu. An yi mata bayanin wata na'ura da ake dasawa, an faɗi inda ake yi, ta saurara don ladabi. Abin da ya rage a hannunta shi ne makarantar kurame a Kaduna, inda ake koyar da maganar hannu. Ba ta son ta kai yarinyar da ba ta san ko sunanta ba ta ajiye a ɗakin kwana cikin baƙi. Sai dai su koma tare, ta nemi aikin koyarwa a can. Wannan kuwa sai da digiri.

Da ta gaya wa Mordecai a waya, ina jin ta daga waje tana cewa, "Kana jina? Baban Ƙauna, kana jina?" Yana ji.

To, jarrabawar da a da ta takarda ce yanzu ta zama ta Ƙauna. Keziya ta san haka sarai. Ta dawo kujerarta bayan la'asar, ta ce, "Baba, yau za mu wuce. Shekarun makaranta, sannan balaga." Ta buɗe wajen. Ta karanta layi biyu. Can sai na ga yatsunta suna komawa baya da kansu.

"Ka ga, a nan sun ce ƙofar koyon harshe ba rufewa take yi gaba ɗaya ba. Sun ce raguwa take yi."

"To ai da sauƙi."

"Amma wannan ɗayan ya ce bayan biyar..." Ta duba Ƙauna. "Baba, da na zauna ajin nan a waccan shekarar, da a makon da aka sallame mu daga asibiti zan ji wannan."

"A waccan shekarar kina riƙe da ita a gadon asibiti, 'yata."

"Na sani."

Kowace rana haka. Mu fara da niyyar wucewa, mu ƙare a babin magana. Ta nemo wasu littattafai daga ɗakin karatu na Samaru, duk a kan wannan babin. Ta san sunan kowane masani da abin da ya ce da wanda ya musa masa. Tana neman wanda zai ce mata ba a makara ba, ba tare da ya ƙara da "amma" ba. A lokacin ne ta fara ƙyasta yatsu a kunnen 'ya'yan mutane.

Ƙawarta Jemimah, wadda suke kwas ɗin tare, ta zo wata Lahadi ta same mu a haka. Ta karɓe takardun daga hannunta.

"Keziya, ke fa tambaya huɗu za ki amsa, ba ɗaya ba. Ina balaga? Ina aure da aiki? Ina tsufa? Ga ma Baba nan a zaune kyauta, ba sai kin je neman misali ba."

"Zan kai."

"Yaushe? Ranar da mai gadin jarrabawa ya ce a ajiye biro? Baba, ka yi mata magana mana."

Na ce, "Malama, ni dai har yanzu ina jiran babina."

Ta yi 'yar dariya. "Gobe, Baba."

Da safe kafin ta tafi aiki takan zauna da Ƙauna da waya, suna kallon wata mata da ke nuna maganar hannu. Yarinyar ta kama alamar ruwa, ta kama ta abinci. Ni kuma ta ƙirƙiro mini suna da kanta: ta dafa kanta kamar mai neman hula. Keziya ta ga haka ta yi murna har da tafi, sannan murnar ta sauka daga fuskarta. Ta ce a shekarunta ya kamata a ce tana ba da labari ne, tana ƙarya, tana gardama.

Ranar jarrabawa ta fita da wuri, sanye da atamfar zumuntar mata. Mama Ebele ta kashe injinta ta riƙe Ƙauna. Da la'asar sakaliya na hango Keziya tana tahowa daga bakin titi, tafiyar wanda ba a jiransa a ko'ina.

"Sannu da dawowa, Malama. Yaya aka yi?"

"Na rubuta, Baba."

"Madalla."

"Ta fito. Ita ce ta farko ma. Wai a bayyana yadda yaro ke koyon magana, da abin da ke iya hana shi."

"Ai kuwa sun taɓo inda kika sani."

"Sun taɓo." Ta zauna a gefen bencin, abin da ba ta saba yi ba. "Na ɗago kai na ji ana cewa a tsaya."

Jemimah ce ta cika mini sauran daga baya. Ta ce tana layin baya tana kallonta. Keziya ta cika takardar amsa ta ɗaga hannu aka ƙaro mata, ta cika ta sake ɗagawa. Jemimah har ta ji daɗi, ta ɗauka ƙawarta ta yi nisa. Sai da aka zo karɓa ta ga lamba ɗaya ce tak a saman shafin farko, babu wata lamba har ƙarshe. Ta ce a bas, bayan sun wuce Kwangila, wata mata ta shigo da goyo, Keziya ta miƙa hannu ta ƙyasta yatsu.

Sakamako ya fito yadda kowa ya zata. Tambaya ɗaya, komai kyanta, makinta ba ya wuce nata. Keziya ta je Samaru ta ga wanda za ta gani, aka saurare ta da mutunci, aka nuna mata ƙa'ida. Makarantar cocin ta riƙe ta har ƙarshen zango, aka yi mata addu'a a taron malamai, aka ba ta faranti da kofuna.

Uwar Mordecai ta aiko cewa su komo gida, akwai ɗaki, akwai gona, yarinya kuma za a ci gaba da kai ta wurin addu'a. Keziya ba ta yi gardama ba. Na tambaye ta ko akwai irin makarantar nan kusa da ƙauyen. Ta ce akwai firamare.

Ranar tafiya Mordecai ya zo da motar wani abokinsa. Mama Ebele ta ɗaure musu garin tattasai a leda, ta rungume Ƙauna tana yi mata magana da Ibo a kunne, ta daɗe tana yi, ba wanda ya hana ta. Ƙauna ta zo gabana ta dafa kanta. Ni ma na dafa nawa.

Keziya ta fito daga ɗaki da takardun lakcar, ta ajiye a kan bencina. Ta naɗe kusurwar wani shafi can wajen ƙarshe.

"Baba, ka riƙe mini. Ban manta da babinka ba. In na zo Kirsimeti zan karanta maka."

"Ina nan, Malama. Ina zan je?"

Kirsimeti ta zo ta wuce, wata ma ta zo. Mordecai yakan tsaya in hanya ta biyo da shi, ya gaishe ni a tsaye. Ya ce suna lafiya, Keziya na taya uwarsa aikin citta, Ƙauna ta yi tsawo, ta iya wanke-wanke. Sau ɗaya na tambaye shi ko har yanzu suna kallon matar nan ta waya. Ya ce wayar ta lalace, kuma can sabis sai an hau tudu. Ya dubi takalminsa, ya ce rana na yi, zai kama hanya.

An sa sababbin 'yan haya a ɗakin, suna da jariri. Ran nan na ga Mama Ebele ta zagaya bayan uwar a bakin famfo, ta goge hannu a zani, ta ƙyasta yatsu.

Takardun suna kan akwatina. Idona ba ya kama ƙananan rubutu yanzu, Turancin ma ba irin namu na tasha ba ne. Jemimah ta taɓa cewa in ba ta ta karanta mini, ba zai ɗauki lokaci ba. Na ce ta bari tukuna. Shafin na nan a naɗe inda mai shi ta naɗe shi.